RA'AYI: Kafin ka sayi motar tsere ta hannu ka nufi Maiduguri da ita

Tun daga shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da yawancin alfarmar ma'aikata kuɗi a cikin albashi, ta kuma janye motocin ofis daga hannun mafi yawansu, sayen mota ya zama nauyin da ke wuyan ma'aikaci shi kaɗai. Sabuwa dal ta daɗe da fin ƙarfin mai albashi, ballantana bayan faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023. Abin da ya rage shi ne ta hannu, ko dai 'yar Beljiyam da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, ko wadda wani ya riga ya mora a nan gida. A irin wannan kasuwa ne matasan ma'aikata da hadiman manya ke ƙara karkata ga motoci masu siffar tsere: gajeru, masu faɗin taya da rurin salansa, irin su BMW da Mercedes da Mustang da Dodge Charger, waɗanda ake jerawa a bakin titin Kubwa suna ɗaukar ido.

Ba na ganin laifin wanda ya so mota mai ƙarfi. Maganata da wanda aiki ya kai shi Maiduguri nake yi, ko wanda iyalinsa ke can yana zirga-zirga, kuma irinsu suna da yawa: ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da Asibitin Koyarwarta, da na Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, da na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, da na sakatariyar tarayya. Ga irin wannan mutum, ma'aunin mota biyu ne. Na farko, shin za ta ɗauke shi daga Damaturu zuwa ƙofar gari ba tare da ta tsaya ba? Na biyu, idan ta samu matsala da safe, akwai makaniken da zai tashe ta a cikin garin kafin la'asar? Motar da ta kasa cika waɗannan biyu ba ta cancanci kuɗinsa ba, kome kyan fentinta.

Dalilin ma'aunin farko sananne ne ga duk wanda ya san hanyar. Daga Abuja zuwa Maiduguri ta Jos da Bauchi da Potiskum ya haura kilomita 800, amma zangon ƙarshe, kimanin kilomita 130 daga Damaturu ta Ngamdu da Benisheik da Mainok da Jakana da Auno, shi ne wanda matafiyi ke lissafa shi da agogo. A daren 9 ga Fabrairun 2020, matafiyan da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga gari suka kwana cikin motocinsu a Auno, maharan Boko Haram suka far musu, aƙalla mutum 30 suka rasa rayukansu, aka ƙone motoci. Allah Ya jiƙansu. Ko da hanyar ta yi sauƙi a wasu lokuta, har yau babu mai hankalin da zai so magariba ta riske shi a gefen wannan titi, ya buɗe gaban mota yana jiran injin ya huce. A Abuja lalacewar mota ɓacin rai ne da kuɗin janwe. A tsakanin Mainok da Jakana kuwa magana ce ta rai.

Sai kuma abin da garin kansa ke yi wa mota. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar iska, da damina ruwa ya kwanta a unguwanni, kuma da zarar ka sauka daga kwalta rairayi ne. Motar da aka ƙera cikinta dab da ƙasa domin titunan Jamus za ta riƙa dukan kowane tudun rage gudu da kowane bakin kwalbati, har wata rana kaskon baƙin mai ya tsage. Siraran tayoyin nan masu ban sha'awa rami ɗaya ya isa ya kumbura su, ya lanƙwasa ƙarfen da suke kai. Gudun da aka saye ta dominsa ma babu inda za a yi shi. Tun da aka hana hawan babura a 2011, Keke Napep ne ya cika titunan Maiduguri, a bayan gari kuma shingayen bincike ne ɗaya bayan ɗaya. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ma ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a awa ba, ko a kan tagwayen hanya.

Duk da haka, ƙarfin injin yana da ranarsa, kuma a nan ne nake saɓa wa dattawan da ke cewa kowace mota mota ce. Wanda ya taɓa biyo jerin tireloli da tankoki a inda hanya ta koma ɗaya ya san cewa daƙiƙoƙin da mutum ke yi a hannun da ba nasa ba, yana ƙoƙarin wuce babbar mota, su ne mafi hatsari a tafiyar baki ɗaya. Motar da ke amsawa nan take idan an taka totur, mai birki mai kamawa, kariya ce ga iyali. Abin tambaya shi ne ta wace hanya aka samar da wannan ƙarfi, kuma nawa zai ci kafin a riƙe shi.

Hanyoyin biyu ne. Akwai babban injin mai silinda shida da ke shaƙar iska da kansa, akwai kuma wanda aka ɗora wa na'urar turbo tana cusa masa iska da ƙarfi. Na biyun ya fi zafi, ya fi yawan sassa, ya fi tsananin buƙatar baƙin mai na ainihi da fetur mai daraja ta sama, alhali a gidajen manmu fetur iri ɗaya ake sayarwa, kuma ba a manta gurɓataccen man da ya lalata injuna a watan Fabrairun 2022 ba. Ɗauki BMW 335i ta wajajen 2007 zuwa 2010, mai ƙarfin doki 300. Mota ce mai daɗin tuƙi, amma kamfanin da kansa ya yi kiranyen irinta a Amurka a 2010 saboda famfon fetur ɗinta, famfon ruwanta kuma na lantarki ne, wanda kan mutu ba sallama. A garin da akwai wakilin kamfani wannan aikin yini ɗaya ne. A Maiduguri sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, a jira kwanaki, sannan a yi addu'a kada abin da ya iso ya zama jabu.

Kwatanta ta da Toyota Camry mai silinda shida ta 2007 zuwa 2011, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle. Injinta mai lita 3.5 yana ba da ƙarfin doki 268, 'yar'uwarta Lexus ES350 kuma 272. Tazarar da ke tsakaninsu da waccan BMW ba abar da direba zai ji a hanyar Potiskum ba ce, amma wannan injin babu garejin kirki a Arewa da bai saba da shi ba, kayan gyaransa kuma suna nan a kasuwa. Wanda ya nace sai ƙirar tsere, Lexus IS350 mai ƙarfin doki 306 ta fi masa kwanciyar hankali, in dai ya yarda cikinta a ƙasa yake, kuma ya san inda zai bi da ita.

Wannan ba ya nufin motocin Japan ba su da aibi, kuma mai saye ya kamata ya san aibin kowacce da sunansa. Injin lita 3.5 na farko-farko yana da wani bututun baƙin mai na roba da kan fashe, sai a duba ko an canja shi da na ƙarfe. Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Allon gaban waɗannan motoci kan narke ya yi danƙo a rana, abin da zafin Borno zai gaggauta. Lexus IS250 kan tara dauɗar hayaƙi a mashigar iskar injin. Honda Accord mai silinda shida ta 2003, wadda ake wa laƙabi da End of Discussion, an yi kiranyenta saboda giyarta, ƙafarta ta gaba kuma makanikanmu sun san yadda take ficewa a hanya mai ramuka idan ba a kula da ita ba. Bambancin kawai shi ne waɗannan cututtuka ne da aka san maganinsu a gida.

Sunan kamfani ma ba ya wanke motar da ta sha wuya. Da yawa daga motocin tsere da ke shigowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora bayan haɗari, kuma ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya sayi irin wannan mota ba don ya lallaɓa ya saye ta ba. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba. Da ita ake binciko tarihinta a intanet, sau da yawa har da hotunan yadda take a ranar gwanjo. Dillalin da ya hana ka ɗaukar wannan lamba ya riga ya ba ka amsa.

A Maiduguri akwai ƙarin dalilin yin hattara. Ambaliyar 10 ga Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ta nutsar da sassa masu yawa na birnin, motoci da dama suka yi kwanaki a cikin ruwa. Irin waɗannan motoci ba ɓacewa suke yi ba. Ana wanke su, a shanya, a sake musu shimfiɗa, su koma kasuwa a nan ko a wani gari. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya a ranar ciniki, sai bayan watanni tsatsa ta ci wayoyi, ƙwaƙwalwar motar ta fara ruɗewa, kuma gwargwadon yawan na'urorin mota gwargwadon ɓarnar. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a nemi laka, a duba ƙarfen da kujeru ke zamewa a kai, a leƙa ramin safaya da akwatin fis, a kuma yi shakkar sabuwar shimfiɗa a tsohuwar mota da turaren da ya yi yawa.

Sauran binciken ba ya buƙatar ilimin injiniya, haƙuri yake buƙata. Je da makanikenka, ba na dillali ba. A tayar da injin yana sanyi, a sa masa kwamfutar gwaji, a tabbatar fitilar jakar iska tana kamawa sannan ta mutu da kanta. A tuƙa motar da tsakar rana, na'urar sanyi a kunne, a bar ta a tsaye minti ashirin ana kallon allurar zafi. Idan an cire na'urar daidaita zafin ruwa, an haɗa fanka kai tsaye, an cika lagireto da ruwan famfo, to wani ya riga ya yi fama da zafin injin yana ɓoyewa. A leƙa salansa a ga ko an sace abin da makanikai ke kira indomi. A karanta alƙaluma huɗun da ke jikin taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, domin tsohuwar taya, musamman wadda aka yi don ƙasashen ƙanƙara, ba ta jure kwaltar watan Afrilu.

Takardu kuma su ne abin da ya fi shafar ma'aikacin gwamnati. Tun watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar Kwatano mai arha tana iya zama mai takardun bogi. A kai takardar biyan kuɗin fito ofishin kwastan a tantance kafin a biya ko sisi. Babu abin kunya ga jami'in tarayya kamar a sauke shi da iyalinsa a shingen kwastan, a tafi da motar da ake cire masa bashinta daga albashi kowane wata.

Sai lissafin mai, wanda ya sauya gaba ɗaya tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. A ƙaddara mota ɗaya tana shan lita 9 a kowace kilomita 100, wata kuma mai silinda takwas tana shan 13. A tafiyar kilomita 800, zuwa da dawowa, bambancin lita 64 ne. Idan lita tana naira dubu, kuɗin ya kusa kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, a tafiya ɗaya tak. Wanda ya zuba duk abin da ya ranto daga ƙungiyar adashen ofis a kan farashin mota, bai ware kome don taya da baƙin mai da gyaran farko ba, ya sayi abin ajiyewa ne a ƙofar gida.

Hadiman manya suna da nasu uzurin, cewa aikinsu yana son a gan su da fasali. To amma ayarin maigida a Borno na Land Cruiser da Hilux ne, kuma ranar da aka nufi Bama ko Monguno ko Biu, mai gajerar mota ko dai ya nemi gurbi a motar wani ko a bar shi a gari. Ban da haka, a birnin da dubban mutane ke ƙoƙarin sake gina rayuwa bayan rikici da ambaliya, rurin salansar ƙaramin jami'i ba girma yake jawo masa ba, tambaya yake jawowa.

Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ba su rasa kome ba ta fuskar gudu. A wannan shekarar ce ma 504 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, gasar da juriya ke yanke hukunci a cikinta, domin motoci da yawa da suka fi ta ƙarfi ba su kai ƙarshe ba. Darajarta a wurinsu ita ce tana zuwa, tana dawowa, kuma makaniken kowane gari ya san cikinta. Da wannan ido ya kamata ma'aikacin yau ya shiga kasuwa: injin da aka sani, ciki mai ɗan tsayi daga ƙasa, tarihi mai tsabta, takardu na gaskiya, da ragowar kuɗi a aljihu. Sayen nagari, in ji Hausawa, mayar da kuɗi gida ne. Allah Ya kai kowane matafiyi gida lafiya.