FILIN WASANNI: Haruna Dula da yaransa

Da la'asar, in an tashi daga lakwal, yara sukan taru a bayan gari. A Madawa haka ne, a Buza haka ne, a Keita ma haka ne. Su aza duwatsu biyu nan, su aza biyu can, gida ya samu. Ƙwallon kuwa sau da yawa tsumma ne aka ɗaure da igiya. Wani uban in ya gani sai ya ce shiririta ce. To, a wannan wata Filin Wasanni ya kawo labarin wani mai horar da ƴan ƙwallo da yaransa, don iyaye da malamai su auna da kansu.

Sunansa Haruna Dula, ɗan Nijar ne. A shekarar 2009 aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa, wadda ake kira Mena. Makiyaya sun san mena, dabbar dawa ce dangin barewa, mai dogayen ƙafafu. A lokacin nan Nijar ba ta taɓa zuwa babbar gasar kofin Afirka ba, ko sau ɗaya.

Ba a zuwa wannan gasa sai an yi wasannin share fage. Ana kasa ƙasashe kashi-kashi. A cikin kashi, kowace ƙasa za ta kara da kowace sau biyu, sau ɗaya a gida, sau ɗaya a waje. Wanda ya ci wasa yana da maki 3. In an yi kunnen doki, kowa maki 1. Wanda aka ci ba shi da komi.

Ƙuri'a ta haɗa Nijar da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ta ɗauki kofin Afirka sau 7, uku daga ciki a jere: 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa a gidanta aka yi gasar duniya ta 2010. Ga mai kallo, kamar an tura ɗan akuya cikin kuraye ne.

Wasan farko Afirka ta Kudu ta ci Nijar 2 da 0. Amma ran 10 ga Oktoba 2010 Masar ta zo Yamai, filin Seyni Kunce, aka ci ta 1 da 0. A watan Maris 2011 Saliyo ta zo, aka ci ta 3 da 1. A watan Satumba Afirka ta Kudu ta zo, aka ci ta 2 da 1. Wasa uku a gida, nasara uku, maki 9. Duk wasannin waje an ci Nijar, amma na gida ko ɗaya bai kuɓuce ba. Yadda manomi yake tsare gonarsa ta gado, haka yaran Dula suka tsare filinsu.

Su wane ne yaran nan? Na farko Musa Ma'azu, mai cin gida. An haife shi a Yamai a 1988. Ya yi wasa a ƙungiyar sojojin Nijar, daga nan ya tafi Turai, har Mosko ta ƙasar Rasha. Shi ya jefa ƙwallon da ya kada Masar. Ran wasan Afirka ta Kudu ma ya ci ɗaya, Kofi Ɗan Kowa, ɗan wasan baya, ya ci ɗaya. Akwai Kasali Dauda, mai tsaron gida, wanda ya yi shekaru yana wasa a Garwa ta ƙasar Kamaru. Akwai kuma shugabansu a cikin fili, Idrisa Lawali.

Kowane da aikinsa, kuma aikin mai horo shi ne ya san wanda ya dace da kowane wuri. Makiyayin kirki ya san saniyar da ke jan garke, ya san mai tsayawa baya, ya san wadda ba ta son ƙishirwa. Haka mai horo yake da yaransa. Kuma Dula bai dogara ga masu wasa a ƙasashen waje kaɗai ba. A watan Fabrairu 2011 ya kai ƴan wasan gida zalla ƙasar Sudan, gasar da ake yi wa masu wasa a ƙasarsu. Sun shiga cikin takwas na ƙarshe, sai da aka yi bugun daga kai sai mai tsaron gida kafin Sudan ta fid da su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar ƙarshe ta share fage, 8 ga Oktoba 2011, abin mamaki ya faru. Masar ta ci Nijar 3 da 0 a Alƙahira. Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi 0 da 0. Ƙasashen uku, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo, kowace maki 9. Ƴan Afirka ta Kudu suka kama rawa a cikin fili. A zatonsu bambancin ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka ci ta za a lissafa, su kuwa sun fi a nan. Ashe dokar gasar ba haka ta ce ba. Doka ta ce in maki ya zo daidai, a duba wasannin da masu kunnen dokin suka yi tsakaninsu. Aka duba: Nijar 6, Afirka ta Kudu 5, Saliyo 5. Nijar ta wuce. Rashin sani ya fi dare duhu. Ƙwallo da ƙafa ake buga shi, amma dokarsa a takarda take.

A watan Disamba 2011 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓi Haruna Dula gwarzon masu horo na shekara.

Gaskiya kuma, gasar kanta ba ta yi daɗi ba. An yi wasannin Nijar a Gabon a farkon 2012. An kawo wani Bafaranshe, Rolland Courbis, don ya ba da shawara, bayan wasan farko ragama ta koma hannunsa. Gabon ta ci Nijar 2 da 0, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da 0. Bayan gasar Dula ya bar kujerar.  A farkon 2023 ya kai ƴan wasan gida Aljeriya, suka ci Gana 2 da 0, suka zo na huɗu.

Mutanen Madawa sun san aikin albasa. Ba a watsa iri a lambu a tafi. Sai an rene shi wuri guda, ana ba shi ruwa safe da maraice, in ya yi ƙarfi sannan a dasa. Ɗan ƙwallo haka yake. Dula ya samu yaran da wasu suka fara rena tun suna ƙanana. Wurin renon nan kuwa shi ne lakwal da kwaleji. A nan yaro zai samu malami mai koya masa zuwa kan lokaci, da miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo, da bin doka, da haƙuri in an ci shi.

Don haka magana tana kan mutum uku. Malamin makaranta ya haɗa yara, ya tsai da ranakun horo, ya karanta musu dokokin wasa. Mai gari da dattawa su ware fili, a tsince duwatsu da ƙaya, don a ƙasar Buza da Keita dutse ba ya wuya, kuma yawancin yaran ba takalmi. Uba kuma ya yi yarjejeniya da ɗansa: karatu da aikin gona da kiwo su ne gaba, in an gama, la'asar tasa ce.

Ba kowane yaro zai zama Musa Ma'azu ba. Cikin dubu da wuya a samu ɗaya, saboda haka kada yaro ya bar makaranta don ƙwallo. Amma wanda ya samu malamin kirki zai tashi da lafiyar jiki, da ladabi, da sanin aiki cikin jama'a. Wannan riba ce ko a gona, ko a bayan garke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.