Albashi Kaɗai Ba Ya Riƙe Ma'aikaci

Duk wanda ya zauna da dattawan ma'aikata a Sakkwato ya sha labarin Udoji. Abin da suke tunawa kuwa shi ne kuɗi, watau ƙarin albashi da ariyas, da baburan da aka saya, da tsadar kayan da ta biyo baya. Alhali hukumar da Jerome Udoji ya shugabanta, wadda aka kafa a 1972 ta kuma miƙa rahotonta a 1974, ba maganar kuɗi kaɗai ta yi ba. Ta ba da shawarar a riƙa horar da ma'aikaci, a auna shi da aikin da ya yi, a ɗaukaka shi bisa cancanta. Aka karɓi kuɗin hannu bibbiyu, aka yi wa sauran riƙon sakainar kashi. A ganina, ciwon da ke damun ofisoshinmu ke nan har yau.

Mu dubi baduku a garin nan. In yaro ya zo koyon sana'a, maigidansa yakan lura da hannunsa. Da fari aike ne da miƙa kayan aiki, sannan yankan fata, sannan ɗinki, har ranar da za a yaye shi ya buɗe rumfarsa. Yaron nan ba shi da albashi, amma ba ka ganinsa yana hamma a bakin aiki, domin ya san inda tafiyar za ta kai shi. To, ina ga akawun da ya shekara goma a kan tebur ɗaya, ba a taɓa tura shi kwas ba, yana kuma gani ana yi wa mai himma da malalaci ƙarin girma rana ɗaya? Wannan zai sa hannu a rajista da safe, ya zame ya tafi neman na cefane. Ni kam ban ga laifinsa ƙwarai ba.

Jami'o'i sun fi ofisoshi gane wannan. Al'adarsu ce, har da tamu ta Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, a riƙe ɗalibin da ya yi fice, a tura shi digiri na biyu da na uku; asusun TETFund da dokar 2011 ta kafa yana ɗaukar nauyin irin wannan karatu. Sai dai reno ba ya ƙarewa a nan. Malamin da ya dawo da digirinsa ya tarar da yajin aiki na wata takwas ba albashi, kamar na 2022, wata ƙasa ce za ta ci moriyar wahalar da aka yi masa.

Roƙona ga malamanmu shi ne su fara da mu tun muna aji. Wanda aka ga yana da hannu a fassara ko iya magana, a haɗa shi da gidan rediyon Rima lokacin hutu. Mai haƙurin karatun rubuce-rubucen ajami kuwa, a sa shi ƙarƙashin malamin da zai riƙa duba aikinsa kowane mako.