Inshorar Lafiya Da Tsadar Magani: Kontagora Na Bukatar Mai Nuna Wa Majinyata Hanya

A garin Kontagora, hedkwatar masarautar Sarkin Sudan, akwai ɗimbin ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jiha da malaman makarantu da jami'an tsaro waɗanda ke riƙe da katin inshorar lafiya. Sai dai da yawansu ba su gane iyakar amfanin katin ba, sai ranar da likita ya rubuta musu magani mai tsada na ciwon daji ko na ƙoda ko na asma, aka ce musu babu shi a ɗakin magani, ko kuma ba ya cikin jerin da inshora ke biya. Daga nan ne mai gida kan fara sayar da hatsi ko dabba ko fili.

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka ta 35 ta shekarar 1999, ya kuma fara aiki a 2005. A ƙarƙashinsa, ma'aikaci kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa, muddin yana cikin jerin da hukuma ta amince da shi. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma yi tanadin asusu na musamman domin masu rauni. Jihar Neja ita ma tana da nata shirin da aka fi sani da NiCare.

Matsalar ta ƙara tsananta tun daga 2023, lokacin da darajar Naira ta faɗi warwas, kamfanonin GSK da Sanofi kuma suka bayyana janyewa daga sayar da kayansu kai tsaye a Nijeriya. Farashin magunguna irin su Ventolin na masu asma ya yi tashin gwauron zabi. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna da ake shigowa da su, amma irin wannan sauƙi kan daɗe kafin ya iso kantin magani a Kontagora. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya ke fitowa daga aljihun jama'a, ko kashi goman da ake nema daga mai inshora yana iya zama dutse a kan talaka idan ciwon na shekara da shekaru ne.

Abin da bai kamata a manta ba shi ne, akwai kafofin taimako. A 2019 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tare da wasu ƙungiyoyin Amurka ta ƙaddamar da shirin rage farashin wasu magungunan ciwon daji har zuwa kusan rabi a zaɓaɓɓun asibitocin koyarwa. A 2021 aka fara aiki da asusun tallafa wa marasa galihu masu ciwon dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a asibitoci shida da suka haɗa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Bugu da ƙari, hukumar inshora ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Roche a kan wasu magungunan daji, inda kamfanin ke ɗaukar rabin kuɗin, hukumar ta biya kashi 30, majinyaci ya biya kashi 20. Magungunan tarin fuka da na cutar ƙanjamau kuwa kyauta ake bayar da su a cibiyoyin da aka keɓe. Har ila yau, Neja tana cikin jihohi uku, tare da Abiya da Osun, da aka fara gwada asusun kula da lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta 2014 ta tanadar.

To, amma duk waɗannan suna warwatse ne a hukumomi daban-daban, mafi yawansu kuma a biranen da ke nesa. Manomin da ya taso daga Mariga ko Rijau ko Magama zuwa Babban Asibitin Kontagora ba shi da masaniyar cewa akwai wani asusu a Zariya, balle ya san takardun da ake nema. Shi kansa ma'aikacin da ya yi karatu kan rasa wanda zai tambaya idan lambar izinin tura shi wani asibiti ta yi jinkirin fitowa daga kamfanin da ke kula da inshorarsa. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Saboda haka ya dace gwamnatin Jihar Neja da hukumar NHIA su buɗe teburi na musamman a Babban Asibitin Kontagora, su ɗora a kansa jami'in da aikinsa kaɗai shi ne nuna wa majinyata hanya da harshen da suke ji. Shi zai duba ko maganin yana cikin jeri, ya tuntuɓi likita ko akwai makamancinsa mai rahusa wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, ya bi sawun takardar izini, ya cike wa majinyaci takardun neman tallafi kafin ya kama hanyar Zariya ko Abuja. Ya kuma wajaba a liƙa jerin magungunan inshora a bango da Hausa, domin kalmar "babu" ta daina zama ƙarshen zance.

Akwai masu ganin cewa kuɗin da ke cikin waɗannan asusu bai taka kara ya karya ba, kuma sanar da jama'a zai ƙara tsawon layi ne kawai. Gaskiya ne kuɗin ba su isa ba. Amma rajistar masu nema ita ce hujjar da 'yan majalisa za su riƙe wajen neman ƙarin kaso a kasafin kuɗi, domin buƙatar da ba a rubuta ba, ba a yi mata tanadi.

Daga ƙarshe, masarauta da attajiran gari da masu fitar da zakka suna da rawar takawa. Idan aka kafa asusun gari a ƙarƙashin amintattu, wanda zai riƙa biyan kason majinyaci kai tsaye ga ɗakin magani bisa shaidar wannan teburi, za a san inda kowace Naira ta shiga. Albashin jami'i ɗaya da teburi ɗaya ba su kai kuɗin gonar da iyali ɗaya ke sayarwa domin maganin da tun farko akwai wanda ya ɗauki alkawarin biyan rabinsa ba.