Manhajar Haɗa Kiɗa A Ojo: Farin Jini Daban, Daraja Daban

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Ikko zuwa Badagiri, idan ya iso Ojo ya ratse ya shiga kasuwar Alaba, abin da zai fara taryensa shi ne ƙara. Ga rurin janareto, ga lasifikoki jere a bakin shaguna, kowace tana ƙoƙarin danne 'yar'uwarta. Wannan kasuwa, wadda aka kafa wajen ƙarshen shekarun 1970, ita ce uwar kasuwannin kayan lantarki a Nijeriya, kuma dab da ita ne Alaba Rago take, inda Hausawa fatake da masu sayar da raguna suka kafa zango tun da daɗewa. Nan ne saurayi mai sha'awar kiɗa, ko daga Agege ya fito, ko Idi-Araba, yakan zo neman lasifika da makirufo. Kwamfuta kuwa, in bai samu 'yar gwanjo mai sauƙin kuɗi a nan ba, sai ya nufi kasuwar kwamfutoci ta Ikeja. Bayan an gama ciniki an sallama, sai a zo ga tambayar da ta fi ciniki muhimmanci, watau wace manhaja za a zuba masa a ciki.

Abin da ake nufi da manhajar haɗa kiɗa shi ne tsarin aikin da ake sa wa kwamfuta domin ta zama ɗakin ɗaukar murya, ta kuma zama ganga da molo da algaita a lokaci guda. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, kowace da magoya bayanta, kuma gardamar wadda ta fi wata ba ta ƙarewa a tsakanin masu sana'ar. Abin lura a nan shi ne, wadda ta fi kowace farin jini a ɗakunan samari ita ce wadda manyan masu sana'a suka daɗe suna yi wa kallon raini.

Kafin a zo nan, ya kamata mai karatu ya tuna yadda al'amarin yake a da. A shekarun 1970 ɗaukar waƙa aiki ne na manyan kamfanoni irin su EMI da ke Apapa da kuma Decca, waɗanda suke da na'urori na dubban fam da injiniyoyi masu kula da su. Ɗakin EMI na Ikko ma har Bature ɗan Ingila, Paul McCartney, ya zo ya ɗauki faifai a cikinsa cikin shekarar 1973. A wancan zamani, na su Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, mawaƙi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana tare da makaɗansa da 'yan amshinsa, kuma in an tashi ɗauka, kowa zai yi nasa aikin a lokaci guda. Wanda ya yi kuskure ya jawo wa kowa komawa farko. Bayan da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai a Kano daga shekarar 1990, sai fiyano ta kamfanin Yamaha ta shigo, mutum guda ya zama shi ne makaɗa duka. Daga fiyano kuma aka koma kwamfuta.

Mai babban suna a cikin manhajojin ita ce Pro Tools ta ƙasar Amurka, wadda ta fito cikin 1991 a kan kuɗi kusan dala 6,000. Ita ce ta manyan ɗakunan ɗaukar murya da kamfanonin fim na duniya, kuma har shekarar 2010 ba ta aiki sai da akwatin sauti wanda kamfaninta ya amince da shi. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya isa ya hana ta shiga ɗakin talaka. Akwai Cubase ta kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus, wadda ta girme ta da shekara biyu, domin cikin 1989 ta fito. Daga baya kamfanin Yamaha ya saye Steinberg ɗin. Ita ma ta daɗe tana neman a soka mata wani ɗan makulli a jikin kwamfuta kafin ta buɗe, sai cikin 2022 aka daina. Akwai kuma Logic, wadda asalinta ita ma Bajamushiya ce, amma da kamfanin Apple ya saye ta cikin 2002 sai ya tsare ta a kan kwamfutocinsa kaɗai, waɗanda tsadarsu sananniya ce.

Sa'an nan ga auta, wadda aka fara sani da suna FruityLoops. Wani mai suna Didier Dambrin ne ya tsara ta wa kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, ta fito a ƙarshen 1997, kuma a farkonta ba ta wuce 'yar na'urar buga ganga ba. Ko sunan nata ma ya jawo mata ba'a, domin ya yi kama da na wani abincin karin kumallo na yaran Amurka, har kamfanin Kellogg's mai yin abincin ya nuna rashin yardarsa. Cikin 2003 aka sauya mata suna zuwa FL Studio, amma har yau a bakin masu sana'a da yawa tsohon sunan bai mutu ba. Abin dariya ne kuwa a ce a ƙasar da ake kiran kayan gwanjo "ɗan Beljiyam", manhajar da ta mamaye kwamfutocin gwanjo ita ma daga Beljiyam ɗin ta fito.

Dalilan farin jininta ba ɓoyayyu ba ne. Tana tafiya a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, irin wadda ake samu a Alaba da Ikeja, ba ta neman makulli, ba ta neman akwati na musamman. Wanda ya buɗe ta zai ga 'yan gidaje goma sha shida a jere, kamar gurabun dara. In ya danna wannan ya tsallake wancan, sai ganga ta fara bugawa, ko da kuwa bai taɓa riƙe gula ba a rayuwarsa, bai kuma san baƙi ko ɗaya na rubutun kiɗan Turawa ba. Kamfanin kuma yana ba da ta gwaji kyauta, wadda mutum zai iya haɗa kiɗa ya fitar da shi, illa dai ba zai iya sake buɗe aikin da ya ajiye ba sai ya biya. Amma babban dalilin da ya fi duka shi ne na koyo. Sana'a a ƙasar nan a gindin maigida ake koyonta, kuma yaro abin da ya tarar a hannun maigidansa shi zai iya, shi kuma zai koya wa na bayansa. Da zarar manhaja ɗaya ta kama unguwa, mai wata daban sai ya zama kamar baƙon da ba ya jin harshen gari: ba wanda zai gyara masa in ta ƙi aiki, ba wanda zai karɓi aikinsa ya ƙarasa.

Darajar kuwa daga baya ta biyo, kuma daga waje. Cikin 2003 wani mai haɗa kiɗa da ake kira 9th Wonder ya yi wa shahararren mawaƙin nan Jay-Z kiɗa da ita. Cikin 2007 wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai, Soulja Boy, ya hau kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka har mako bakwai da kiɗan da ya haɗa a kanta. Kidan amapiano na Afirka ta Kudu, wanda ya cika waƙoƙin Ikko daga wajen shekarar 2020, wannan gangar tasa mai kauri da ake ji har a ƙirji daga cikin kayan FL Studio aka samo ta. Bayan wannan duka, mai cewa abin wasan yara ce sai dai ya faɗa a ɗakinsa.

Duk da haka ba ta kori sauran ba, musamman a wajen Hausawa, kuma dalilin yana da kyau a tsaya a kansa. Waƙar Hausa, ko ta biki ce, ko ta siyasa, ko ta bege, ko ta fim, magana ce tukuna kafin kiɗa. Mai sauraro baiti yake bi, kuma in kalma ɗaya ta ɓace masa, ya yi asara. Saboda haka aikin da ya fi cin lokaci shi ne na murya: a ɗauki baiti sau uku ko huɗu, a zaɓi wanda ya fi fita, a jera amshi a bayansa, a daidaita numfashi. A wannan fanni Cubase ta yi suna tun da wuri, ita da 'yar'uwarta Nuendo, har ya zama al'ada a ɗakuna da yawa, daga Agege zuwa Kano, a haɗa kiɗa a FL Studio sa'an nan a kwashe shi a kai Cubase domin ɗora murya. Pro Tools kuwa sau da yawa sunanta ake saye. Mai ɗakin da ya ambace ta yana sanar da mai kawo aiki ne cewa kuɗin nan ba irin na maƙwabta ba ne, alhali kunnen mai sauraro ba zai iya bambance wadda aka yi aiki da ita ba. Abin da kunne yake kamawa shi ne kyawun makirufo, da yadda aka toshe ɗaki daga ƙarar janareto, da gwanintar wanda ya zauna a gaban na'urar.

Amma fa sauƙin nan da kuɗinsa. Gidajen nan goma sha shida an tsara su ne bisa kiɗa mai tafiya huɗu-huɗu, irin na gidajen rawa na Turai, alhali kiɗan Hausa da yawa uku-uku yake tafiya, yana rangaji. Ana iya sauya tsarin, manhajar ba ta hana ba, sai dai wanda bai san akwai abin sauyawa ba yadda ya tarar haka zai bari. Kalangu kuma ba murya ɗaya gare shi ba. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata yana sakinta, fata tana tashi tana sauka, har ganga ta kira sunan mutum ta yi masa kirari. Wanda ya ɗauki bugu ɗaya na kalangu ya jera shi a gidajen kwamfuta, ya sami ƙarar kalangu, bai sami maganarsa ba.

Haka nan batun Auto-Tune, abin gyaran murya wanda wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fito da shi cikin 1997, bayan ya yi shekaru yana aikin auna sauti a ƙarƙashin ƙasa domin masu neman man fetur. Aikinsa shi ne jawo murya zuwa matakin da ya fi kusa da ita daga cikin matakai goma sha biyu na fiyano. In an sa shi da sauƙi, taimako ne ga mawaƙin da muryarsa ta ɗan kauce. In an ƙure shi, sai ya daddatsa lanƙwasar murya, ya mai da ita kamar hawan matakala. Hausa kuwa harshe ne mai karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Da su ne ake raba wuyan da ake rataya wa laya da wuyar da ake sha, ake raba kukan jariri da kukar miya. Mawaƙan da suka yi zamani da garmaho a cikin wannan lanƙwasa gwanintarsu take, kuma da ita ake gane muryar wani daga ta wani. Yanzu kuwa akan ji waƙoƙi biyar a jere a cikin motar haya, a rantse mutum ɗaya ne ya yi su.

Saura maganar da ba a cika son tayarwa ba. Manhajar da ake zuba wa mai sayen kwamfuta a kasuwa, galibi kwafin sata ce wadda aka fasa wa makulli. A baya an yi shekaru da yawa farashin FL Studio ta gaskiya yana kan dala 99 ƙarama, dala 199 wadda take ɗaukar murya sosai, kuma wanda ya saya sau ɗaya duk sabuwar da ta fito kyauta zai karɓa muddin ransa. Tun da aka saki darajar naira cikin Yunin 2023, har dala ɗaya ta haura naira 1,500 cikin 2024, wannan kuɗi ya yi wa mai ɗaki guda a Ojo nisa ƙwarai, kuma ba wanda zai musa haka. Sai dai laifi tudu ne. Mai haɗa kiɗan da yake kuka da masu buga faifan sata, waɗanda suka sa sunan Alaba ya shiga bakin mawaƙa a zamanin faifan sidi, da masu tura waƙa a waya a bakin titi, shi ma da gumin wani yake aiki bai biya ba. Ban da haka, ta satar kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, takan kuma tsaya cik a tsakiyar aiki ba wanda za a kai wa ƙara, aikin mako guda ya tafi, mai waƙa kuwa ya riga ya ba da kafin alƙalami.

Cikin Maris na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta kuma tanadi kariya ga mai wasa ko makaɗin da aka ɗauki aikinsa. Wanda ya fi kowa bukatar a karanta masa ita shi ne mai kalangun da ke zuwa bukukuwan Hausawa a Agege da Ojo. Idan aka kira shi ɗakin ɗaukar murya, aka sallame shi da kuɗin yini ɗaya, bugun da ya yi ba ya ƙarewa a wannan waƙa. Ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa a ajiye, ya bi filashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, ya shiga waƙoƙin da bai taɓa ji ba, har wata rana a kunna masa hannunsa a lasifika a gidan bikin da a da shi ake gayyata. Hukumar kula da haƙƙin mallaka tana da ofis a Ikko, amma makaɗan nan da yawa ba su da takardar yarjejeniya ko ɗaya da za su nuna mata.