Kafin a sayi motar daji, a duƙa a leƙa ƙarƙashinta



Yau maganar mota zan yi. A kwanan nan na ji ƴan asalin wani gari na arewacinmu suna haɗa kuɗi don su saya wa garinsu motar ɗaukar marasa lafiya. Aiki ne na lada, Allah shi biya su. Amma da na saurari gardamar da ake yi a kan wace mota za a saya, sai na ji ana ta maganar shekarar ƙira, da launi, da sanyin ciki, da kujerun fata. Ban ji mutum ɗaya ya tambayi tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona.

Damina waccan, matar ƙanena ta kwana ta wuni tana naƙuda a wani ƙauye bayan kwarin Tarka. Malamin asibitin wurin ya duba ta ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi Dakoro. Ambilansi ta riga ta fita da wani maras lafiya. Wani bawan Allah da ya zo ganin gida ya ba mu aron motarsa, irin masu ƙyallin nan da ake kawowa daga bakin teku, an rubuta mata 4x4 a baya. Muka yi murna. Ba mu yi tafiyar minti arba'in ba muka shiga wani dogon rairayi inda manyan motoci suka haƙa sawu biyu masu zurfi suka bar tudu a tsakiya. Cikin motar ya hau tudun ya zauna daram. Yaron da ke tuƙi ya ƙara wuta, tayoyi suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami. Muka tona da hannu, muka saro geza muka cusa, a banza. Ita kuwa baiwar Allah tana kwance a baya tana salati.

Wata tsohuwar Land Cruiser ce ta cece mu, ta taso daga kasuwa da raguna a bayanta, ƙofarta ɗaya ma da igiya aka ɗaure ta. Direban, dattijo ne, ya sauko ya zagaya motarmu sau ɗaya ya ce: "Ɗana, wagga ba ta daji ba ce. Ku maido ta nan." Kafin ya tashi sai da ya bi tayoyinsa huɗu ya rage musu iska, ya murɗa wani abu a tsakiyar tayoyin gaba, ya ja ƙaramar giya. A hankali ya ratsa wurin da ya cinye mana awa biyu, ko gardama motar ba ta yi ba. Mun iso asibiti da dare, aka yi mata aiki, uwa da ɗiya suna nan lafiya. Amma har yau in na tuna awa biyun nan sai gabana ya faɗi. Gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, to amma sai wanda ya iso bakin asibitin ke cin moriyar kyautar.

Abu na farko da ya raba motocin nan biyu shi ne tsayi daga ƙasa. Ƙaramar motar gari cikinta bai fi santimita 14 ko 15 daga ƙasa ba. Land Cruiser irin ta daji tana da wajen 23, kuma abin da ya fi kusa da ƙasa a jikinta ƙarfe ne mai kauri, ba tukunyar mai ko robar ado ba. Masu ƙyallin nan suna tsakiya, amma da zarar an loda mutum shida da kaya sai su ƙara dusawa. Kuma ba tsakiya kaɗai ake dubawa ba. A dubi hancin motar da gindinta: in sun yi tsawo sun wuce taya da yawa, ranar da za a gangara ƙorama ko a hau gaɓarta, hancin zai caki ƙasa, gindin kuma ya ja.

Sai maganar rubutun 4x4 ɗin kansa, kat-kat kamar yadda muke cewa, wanda ke ruɗin mutane da yawa. Akwai motar da ainihinta tayoyin gaba ke ja, sai kwamfutar ciki ta ji suna sulɓi sannan ta tura ɗan ƙarfi baya. Wannan an yi ta ne don kwalta mai santsi da ƙanƙarar ƙasashen Turai. A rairayi mai zurfi, in aka matsa mata, abin da ke tura ƙarfin yakan yi zafi ya saki. Kat-kat ta gaske tana da giya ta biyu, ƙarama, kusa da babbar, ko maɓalli mai alamar 4L, wadda wasu direbobinmu ke kira karabo. In aka sa ta, gudun mota ya ragu, ƙarfin da ke zuwa taya ya ninka sau biyu ko fiye. Motar ta riƙa tafiya kamar sa a gaban amalanke, ba sauri ba tsayawa. Mai sayen mota don Bermo ko Gadabeji ko Azagor, in bai ga wannan giya ba, ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. A tsakanin tayoyi biyu na baya akwai wata tukunyar ƙarfe, difiransiyal, wadda ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu in an sha kwana. Amfani ne a kwalta, amma a laka illa ce: in taya ɗaya ta faɗa taɓo tana juyawa a banza, ɗayar da ke kan tudu sai ta tsaya cik. Duk mun ga wannan a fadama, taya ɗaya na watsa wa masu turi laka, ɗaya na kallo. Motar da ke da makullin difiransiyal tana ɗaure tayoyin biyu su juya tare. Ba kowace Land Cruiser ko Hilux ke da shi ba, don haka a tambaya, a kuma gwada a gani.

Amma in za a ce in zaɓi abu guda, taya zan zaɓa. Dubi ƙafar raƙumi: faɗinta ne ke hana shi nutsewa. Tayar da ke ɗauke da iska kilo biyu da rabi a kwalta, in aka rage ta zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, sai ta baje ta ƙara tsawon wurin da take takawa, motar ta hau saman rairayi maimakon ta yanka shi. Abin da dattijon nan ya yi ke nan. Sai dai wannan dabara tana son taya mai kaurin gefe da ƙaramin ƙarfen tsakiya, kamar mai lamba 16. Motocin gayu na zuwa da ƙaton ƙarfe mai lamba 19 ko 20 da siririyar roba a kai. Me za ka rage a nan? Kututture ɗaya ko ƙayar aduwa ta gama da ita, kuma ka bi masu faci na Dakoro kaf da wuya ka sami irinta. Wanda ya rage iska kuma dole ya kasance da famfo a mota, don in ya hau kwaltar Kornaka zuwa Maraɗi da gudu a haka, tayar za ta yi zafi ta fashe. Famfo, abin auna iska, shebur, jak da katakon da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse, igiyar ja, da tayar safiya biyu. Duka kuɗinsu bai kai na rediyon wasu motocin ba.

Inji kuma, ni ra'ayina, gara wanda makanikin garinmu ya san cikinsa. Toyota ta fara fitar da Land Cruiser 70 a 1984, kuma daga 1990 ta sa mata injin gazuwal mai silinda shida, lita 4.2, wanda ake kira 1HZ. Ba shi da gudu, a hawa ma nawa gare shi, amma ba kwamfuta ke ba shi mai ba, kuma yana haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai. Sababbin injuna sun fi shi ƙarfi da tsimin mai, gaskiya ne. To amma ɗan ruwa ko ƙura a man jarka na iya kashe musu allurai, kuma ranar da wata fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai na'ura daga Maraɗi. Kayan gyaran tsohon inji kuwa ana samunsu a Maraɗi, in ya yi wuya a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Bututun nan da ake gani ya hau gefen gilashi, mutane na ɗauka don ratsa ruwa kaɗai aka yi shi. A wurinmu babban aikinsa shi ne shaƙo iska daga sama, nesa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa.

Ba mu ne muka fara gano haka ba. A 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum bisa irin waɗannan motoci, har aka raɗa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Ku kuma dubi abin da ƙungiyoyin agaji ke shiga da shi daji, su da ke da kuɗin sayen duk wadda suka ga dama.

Na san abin da za a ce mini. Land Cruiser tsada gare ta, ko tsohuwa ce. Tana da jijjiga, mai ciki ba ta jin daɗinta a hanya mai gargada. Kuma irinta ce ɓarayin daji suka fi sa wa ido. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. In kuɗin bai kai ba, Hilux mai ƙaramar giya da tayoyi masu kyau za ta yi yawancin hanyoyinmu. Jijjiga ana rage ta da katifa mai kauri da shok mai rai da direba mai hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda waccan ta fi araha kuma ta fi kyau a hoto, a saye ta. Motar da za ta yi wata takwas tana aiki, ta zauna a watannin ruwa lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ba ta yi araha ba.

Wani zai ce ai hanya ya kamata mu nema, ba mota ba. Na yarda, kuma mu ci gaba da nema wurin magadan gari da hukuma. Amma ko an shimfiɗa kwalta har Bermo da gaba, ba za ta bi kowace rijiya da kowane zango ba.

Sannan motar kirki a hannun wanda bai san ta ba, ita ma matsala ce. Na ga yaro ya bar kat-kat a ɗaure ya hau kwalta har ya lalata giya. Na ga an labta buhuna da mutane a saman rufi, ga motar da ma doguwa, aka sha kwana a gefen tudu ta kwanta. Tsayin nan da ke cetonta a rairayi shi ne ke kayar da ita in nauyi ya koma sama. Don haka kwamitin da ke tara kuɗin nan, ku ware na taya da na famfo tun yanzu, ku nemi direban da ya yi shekaru a hanyar daji ko da albashinsa ya ɗara na wani. Ranar da za ku je ganin motar kuma, ku tafi da shi da makanike, kada ku yarda da gwajin cikin gari. Ku ce wa mai sayarwa a loda mata mutum takwas, a fita bayan gari inda rairayi yake, a tsaya cik a tsakiyarsa, sannan a tashi.