Yawon Ruwan Teku da Damanar Gaya

Daga Gaya zuwa bakin teku a Kwatano tafiya ce ta fiye da kilomita 700. Duk da wannan nisa, yawancin ruwan da ke sauka a gonarka daga tekun Atlantika iskar damana ke ɗauko shi. Saboda haka ya kamata ka san halin da tekun yake ciki.

Yaya ruwan teku yake yawo?

Ruwan teku ba a tsaye yake ba. Ruwa mai ɗumi yana bin saman teku daga kudu zuwa arewa. Idan ya isa ƙasashen sanyi, kusa da Girinlan, sai ya huce, ya yi nauyi, ya nutse ƙasa. Daga nan sai ya juyo kudu ta ƙarƙashi. Ta wannan hanya ake kai zafi arewacin duniya.

Tun shekarar 2004 masana daga Ingila da Amurka suke auna ƙarfin wannan yawo da na'urorin da suka kafa cikin teku. Sun gano cewa ƙarfinsa ba ɗaya ba ne kowace shekara. Tsakanin 2009 da 2010 ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, daga baya kuma ya farfaɗo.

Ina ruwan manomi da wannan?

Hadari yana karkata wajen da teku ya fi ɗumi. Idan arewacin Atlantika ya yi ɗumi, damana takan hauro har ƙasarmu da ƙarfi. Idan ya yi sanyi fiye da yadda aka saba, sai ruwa ya tsaya kudu. Haka ta faru a zamanin farin 1973 da na 1984. A shekarar 1985 kogin Neja ya daina gudu a Yamai. Masana sun ce raunin yawon teku da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka suna cikin abubuwan da suka sanyaya tekun.

Amma ka lura da wani abu. Teku yana daɗewa kafin ya huce, don haka raunin shekara guda ba ya nufin fari. Damanar 2009 ba ta yi kyau ba a Nijar, amma a 2010 kogi ya yi ambaliya. Wato damanar bara ba ta faɗa maka abin da bana za ta kawo.

Me ya kamata ka yi?

1. Ka saurari hasashen damana a rediyo kafin shuka. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana duba ɗumin teku kafin ta fitar da shi.
2. Gaya tana samun kimanin milimita 800 na ruwa a shekara, amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Ka haɗa iri mai saurin nuna da mai daɗewa.
3. Idan an yi hasashen ruwa mai yawa, kada ka zuba dukan ƙarfinka a gonar shinkafa ta bakin kogi. Ka nome tudu ma.
4. A shekarar albarka, ka ajiye hatsi a rumbu ko a bankin cimaka na ƙauyenku, kada ka sayar da shi duka.