Abin Da Ya Ja Zukatan Mutane Ga Lauya Woo

Wani almajiri ya tambaye mu, mene ne dalilin da samari da 'yan mata su ke raba dare suna kallon wasannin kwaikwayon mutanen Koriya ta Kudu, alhali ba su jin harshensu, ba su san ƙasarsu ba? To, mun ga mas'ala ce da ta cancanci jawabi, domin mai hankali ba ya yabon abu ko zarginsa sai ya san haƙiƙarsa.

Ku sani, a shekarar 2022 wata ƙaramar tashar talabijin ta can, ana ce da ita ENA, ta nuna wani wasa mai suna Extraordinary Attorney Woo, watau Lauya Woo mai ban mamaki. Kashi 16 ne, an fara ran 29 ga Yuni, aka ƙare ran 18 ga Agusta. Ran da aka fara, masu kallo ba su cika gida 1 cikin 100 ba. Ran da aka ƙare, sun haura gida 17 cikin 100. Sa'an nan Netflix ya kai shi sauran ƙasashen duniya. Wata mace ce, Moon Ji-won, ta rubuta shi.

Labarin wata budurwa ne, Woo Young-woo, wadda ubanta ya rena shi kaɗai. An haife ta da lalurar nan da likitoci ke kira otizim. Ba ta iya duban idon mai yi mata magana, ƙara na firgita ta, ba ta son a taɓa ta, kuma ba ta da hira sai ta manyan kifayen teku waɗanda suka fi giwa girma. Amma fa abin da ta karanta sau ɗaya ya zauna ke nan. Ta haddace dokokin ƙasarsu tun tana ƙarama, ta fi kowa a makarantar shari'a ta babbar jami'ar Seoul. Duk da haka ta yi wata 6 ba wanda ya ɗauke ta aiki.

Waɗansu na cewa soyayya ce ta ja mutane, waɗansu na cewa kyaun tufafi da dogayen benaye. Mu dai ba mu yarda ba. Wasanni masu waɗannan abubuwa ba su ƙidayuwa, an kalle su an manta. Abin da muka gani shi ne, ɗan Adam ko ina ya ke yana ƙishin ganin ranar da za a saurari wanda aka raina, a auna shi da iliminsa, ba da kamanninsa ba.

Ku dubi shari'arta ta fari. Wata tsohuwa ce ta bugi mijinta da dutsen guga a ka, aka tuhume ta da nufin kisa. Babban lauya ya ga abin mai sauƙi ne: ta amsa laifi, a roƙa mata sassauci, ba za a ɗaure ta ba. Sai wannan yarinya da ya ke shakkar hankalinta ta ce a'a. In tsohuwa ta amsa ta yi nufin kisa, dokar ƙasarsu za ta hana ta gadon mijin, ga shi kuwa gidan da ta ke ciki da sunansa ya ke. Za ta tsira daga kurkuku, ta kwana a titi. Malaman da suka karanta babin gado sun san irin wannan hukunci, kisa na hana gado. Babba ya duba babi guda, ƙarama ta duba biyu. Ya kuwa ba ta haƙuri. Lalle ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ita soyayyar ma, in kun lura, kan wannan turba ta ke. Saurayin, Lee Jun-ho, ma'aikaci ne a ofishinsu. Farkon haɗuwarsu ya same ta ta kasa shiga ƙofar nan mai juyawa. Bai yi mata dariya ba, bai kuma ja ta da ƙarfi ba, sai ya koya mata ƙidayar taku har suka wuce. Daga baya ya kai ta wurin yayarsa, ta ji da kunnenta yayar na nuna masa wannan ba matar aure ba ce, nauyi ce. Nan wasan ya taɓa inda ke ciwo, domin da yawa mu kan yabi nakasasshe daga nesa, amma in ya nemi 'yarmu ko ɗanmu sai fuska ta sauya.

Amma fa akwai gargaɗi, kuma don shi muka ɗauki alƙalami. Mafi yawan masu wannan lalura ba su da irin haddar Woo. Waɗansu ko magana ba su yi. Iyayen irin waɗannan yara a can Koriya sun faɗi haka, kuma gaskiyarsu. Shi kansa wasan bai ɓoye ba. A kashi na 3 an kawo wani saurayi mai lalurar, wanda hankalinsa bai wuce na ƙaramin yaro ba, ana tuhumarsa da kashe wansa. Ashe wan ne ya so halaka kansa, ƙanen yana ƙoƙarin cetonsa, amma ba shi da bakin da zai faɗa. Jama'a kuwa tun kafin a zauna shari'a sun riga sun yanke masa hukunci.

To, a nan ne mai kallo zai binciki zuciyarsa. In ba ka girmama Woo ba sai don ta ci shari'a, to, nasara ka girmama, ba mutum ba. Haƙƙin mai rauni ba ya rataya ga hazaƙarsa.

Ya ku malamai, ba makarantar da ba ta da yaron da ke zama gefe, ba ya duban ido, yana maimaita kalma guda, 'yan uwansa na tsokanarsa. Kada ku gaggauta kiransa dolo ko mai taurin kai, kada bulala ta zama farkon magani. Ku hana a yi masa ba'a, ku shawarci iyayensa su kai shi ga likita. Ku kuma almajirai, in har kun ba wannan wasa darenku, kada ku fito hannu wofi. Wanda ya yi wa Woo hawaye da dare, da safe ya jefi irinta a kan hanya, ya yi asarar barcinsa kawai.